Kwalkwalin Fim: Yadda Ake Fentinsa, da Yadda Ake Tsufar da Shi

  Ina gaida masu sauraronmu na Funtua da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, har zuwa Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba sakawa.

Yau maganar sana'a za mu yi, amma irin wadda ba a cika jin ta a yankinmu ba, wato haɗa kayan fim. Za mu tsaya ne kan abu guda: hular ƙarfe irin ta jaruman fina-finan almarar kimiyya, waɗannan na yaƙin sararin samaniya. Matasanmu da yawa sun shiga ɗaukar gajerun bidiyo don TikTok da YouTube, kuma tambaya iri ɗaya ke ta zuwa mana. Mutum ya haɗa hularsa da kwali, ya fesa mata fentin azurfa, amma da an haska ta da kyamara sai ta fito kamar sabuwar tukunyar alminiyon da aka sauke daga kasuwa yanzu. Ina matsalar take? Amsar a taƙaice ita ce, hular ba ta da tarihi. Jarumin da aka ce ya shekara goma yana yaƙi, hularsa ba za ta yi ƙyalli kamar kayan lefe ba. Akwai aikin da ake yi bayan fenti, na sa wa sabon abu tsatsa da ƙura da ƙarzuwa. Mu kira shi tsufarwa. Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne, wannan ilimi a gonakinmu da garejojinmu yake, kallo kawai ya rage mu koya.

Bari mu fara gyara suna. Abin da mai babur ke sawa hular kwano muke ce masa. Amma Bahaushe yana da kalmarsa tun kafin babur ya zo, ita ce kwalkwali. Duk wanda ya taɓa zuwa Katsina kallon hawan Sallah, ya ga hakimai na wucewa da tawagarsu, irin su Sarkin Maska daga Funtua da Galadiman Katsina daga Malumfashi, to ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ya kuma ga kwalkwali a kan mahaya da gashin jimina a samansa. Hular yaƙin kakanninmu ke nan. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Don haka daga nan zuwa ƙarshen shiri, kwalkwali zan riƙa cewa.

Shi ma labarin sararin samaniya ba baƙo ba ne a Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka yi sama da shi. A nan kusa da mu kuma, a Kaduna, akwai matasan nan da ake kira The Critics, waɗanda suka yi suna a 2019 da fina-finan almarar kimiyya da suke ɗauka da waya da koren ƙyalle. A 2020 J.J. Abrams, daraktan da ya shirya biyu daga cikin fina-finan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Daga Funtua zuwa Kaduna tafiyar 'yan sa'o'i ce. Wanda ya ce abin na Turawa ne kaɗai, ga amsarsa nan.

To daga ina wannan salo na tsufar da kaya ya yi ƙarfi? A 1977 fim ɗin Star Wars ya fito. Kafin shi, yawancin fina-finan sararin samaniya komai nasu fes yake, fari tas kamar ɗakin tiyata. George Lucas ya so duniyar fim ɗinsa ta yi kama da wadda aka daɗe ana rayuwa a cikinta, jirgi da datti, kaya da ƙarzuwa. Roger Christian, wanda ya ƙawata wuraren ɗaukar fim ɗin, tarkacen tsofaffin jiragen sama ya riƙa saye yana haɗawa, wato dai kayan gwangwan, kuma ya ci kyautar Oscar da wannan aiki. Wani ɓangaren fim ɗin ma a nan Afirka aka ɗauke shi, a hamadar Tunisiya, a 1976. A kashi na biyu da ya fito a 1980 aka ga wani mafaraucin mutane mai suna Boba Fett. Maganar da ya yi a fim ɗin ba ta taka kara ta karya ba, amma har yau ana kwaikwayon koren kwalkwalinsa a duk duniya. Lotsawa ce guda ɗaya a samansa, da fenti duk ya ɓantare. Joe Johnston, wanda ya yi aikin zane da fentin kayan, da gangan ya yi su haka. Kana ganin mutumin ka san ya sha gwagwarmaya, ba sai an faɗa maka ba. Kun ga aikin tsufarwa ke nan, ita ke ba da labarin da baki bai faɗa ba.

Yanzu kafin ka sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, ga makarantar da zan tura ka. Je ka kasuwar Ɗandume ranar kasuwa, ka tsaya kusa da manyan motocin da ke lodin masara. Duba inda fenti ya ɓare a jikinsu. Za ka ga a gefe-gefe ne, da bakin ƙofa, da matakin da direba ke takawa, da inda igiya ke gogar ƙarfe. Tsakiyar bodi kuwa fentin na nan, sai dai rana ta koɗar da shi. Duba tarakta: bakin salansa baƙi ƙirin da hayaƙi, kewayen kowane noti baƙin mai ya kama ƙura ya yi kauri, jan fentin sama ya koɗe ya fi na ƙasa haske. Duba galmar babanka: bakinta da ke shiga ƙasa fari ne sol yana sheƙi, sama da shi tsatsa, ƙotar kuma ta yi duhu ta yi santsi daidai inda hannu ke riƙewa. Duba tankin Boxer na ɗan acaɓa, inda gwiwa ke gogarsa. Duba injin ban-ruwa na masu tumatir a fadamun Ɗanja.

Darasi uku za ka ɗauko daga nan. Na ɗaya, babu tabon da ba shi da dalili. Abu ya goge ne a inda ake taɓa shi, ya ɓantare a inda yake karo da wani abu. Na biyu, datti ƙasa yake gangarowa, kuma a lungu yake kwana. Ruwa ya wanko tsatsa, layinta daga sama zuwa ƙasa zai bi, ba ya yin gicciye. Na uku, kowane ƙarfe da irin tsufansa. Baƙin ƙarfe ne ke yin jar tsatsa. Alminiyon dusashewa yake yi ya yi fari-fari. Tagulla kuma kore take yi. Don haka ka yanke shawara tun farko, kwalkwalin jaruminka da wane ƙarfe aka ƙera shi, a ina yake yawo, hamada ko fadama, da wane hannu yake cire shi. Amsoshin nan su za su nuna maka inda za ka sa kowane tabo.

Yauwa, mu shiga aikin.

Matakin farko shi ne jikin kwalkwalin. Hanya uku ce mai sauƙi a wurinmu. Ko ka sami tsohuwar hular kwano da ta gama aiki ka ƙara mata siffa. Ko ka yanka kwali ka haɗa, ka bi shi da takarda da farin gam irin na kafintoci, Top Bond, shafi uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ko ka sayi faifan robar da masu haɗa silifas ke aiki da ita, wadda ke lanƙwasuwa idan ta ji zafi. Idan robar silifas ce, sai ka shafe ta da farin gam da aka ɗan tsinka da ruwa sau biyu ko uku, don in ba haka ba shanye fenti za ta yi ta yi kamar soso. Idan kuma hular kwano ce, ka lura da farin soson da ke cikinta. Fetur da tina da fentin feshi duk narkar da shi suke yi. Ka rufe cikin da jarida da tef kafin feshi.

Mataki na biyu gogewa, kuma nan ne mafi yawan mutane ke gajiya. Duk ramin da ka bari, fenti ba zai ɓoye shi ba, tona shi zai yi, musamman na azurfa. Ka cike ramuka da irin ƙullin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Ka fara da samfefa mai kaushi, lamba 120, ka koma 240, ka ƙare da 400. In jikin roba ne mai tauri, ka riƙa jiƙa samfefar da ruwa, aikin ya fi santsi kuma ƙura ba ta tashi. Na kwali dai a bushe za ka goge shi. Idan kana son lotsawa irin ta harbi ko ta duka, yanzu ne lokacin yin ta, kafin fenti. Ka gama, ka share maiƙon hannu da tsumma mai ɗan ruwan omo, ka bari ya bushe sarai.

Mataki na uku fentin shimfiɗa, wannan mai ruwan toka da masu fentin mota ke fara fesawa kafin launi. Ka girgiza gwangwanin kamar minti biyu. Ka riƙe shi nesa da kwalkwalin santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. Ka fara fesawa a gefe, ka wuce ta kansa, ka saki a ɗaya gefen. Shafi siriri sau uku, da hutun minti goma zuwa sha biyar a tsakani, ya fi shafi ɗaya mai kauri da zai yi ta zuba kamar hawaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma maganar yanayi, wadda bidiyoyin Turawa ba za su faɗa maka ba. A tsakiyar damina, wajen Agusta, laimar iska kan sa fentin feshi ya yi hazo-hazo fari, don haka ka jira ranar da rana ta buɗe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana manne wa ɗanyen fenti. Ka sami babban kwali ka kifa a kan aikin da zarar ka fesa. A zafin Maris da Afrilu, in ka fesa da tsakar rana fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar yashi. Hantsi ko la'asar, a inuwa, shi ne daidai.

Mataki na huɗu shi ne mayar da shi ƙarfe. Sirrin ƙarfe baƙi ne. Ka fesa baƙin fenti mai sheƙi, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ya kama sosai. Daga nan hanya ta rabu biyu. In kana son kwalkwalin ya tsaya a ƙarfe zalla, ka goga bakin fensir mai laushi, irin 4B ko 6B na masu zane, a kan samfefa har ka tara garinsa, ka dangwala da auduga ka yi ta murzawa a kan baƙin. Auduga dai ba sai an nuna wa ɗan Funtua inda zai same ta ba. Za ka ga ya koma kamar gogaggen ƙarfe mai duhu, ya fi fentin azurfa kama da gaske nesa ba kusa ba. In kuma za ka ɗora launi a kai, kore ko ja ko ruwan ƙasa, to fentin azurfa za ka fesa, domin fenti ba ya kama garin fensir da kyau.

Mataki na biyar ɓantarewa, kuma a nan daɗin aikin yake. Masu koyo sukan gama fentin launi sannan su zo su ɗiga azurfa a kai. Ido yana gane wannan, saboda a gaske ƙarfe a ƙarƙashin fenti yake. Abin da za ka yi, bayan azurfar ta bushe, ka ɗauki tsinke ka ɗiɗɗiga makilin ko basilin a wuraren da ka ga motocin Ɗandume sun ɓare: gefuna, goshi, bakin ido, kewayen lotsawa. Kada tabon su zama girma ɗaya, kada su jeru kamar an shuka su. Sai ka fesa launinka a kan komai. In ya bushe ka goge da tsumma, duk inda makilin yake fentin zai tashi, azurfa ta bayyana da gefe mai tsage-tsage. In kana son ƙananan tabo masu yawa, ka yayyafa ruwa, ka barbaɗa gishiri, ya bushe, ka fesa, sannan ka kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori. Mai son ƙwarewa kuma sai ya yi hawa biyu: azurfa, makilin, fenti ruwan ɗorawa, sai ƙarin makilin da ya ɗan fi na farko faɗi, sannan kore. Kowane tabo zai fito da ƙarfe a tsakiya da zoben ruwan ɗorawa a kewaye, kamar abin da aka sake wa fenti shekaru da suka wuce.

Hattara ɗaya a nan: ba kowane fenti ke zama lafiya da ɗan'uwansa ba. Fentin mota mai ƙarfin tina in ya hau kan fentin mai, sai ya tattare shi ya yi yaushi kamar fatar tsohuwa. Ka sayi cokulan roba na 'yan kuɗi kaɗan, duk haɗin da za ka yi ka fara gwada shi a bayan cokali.

Mataki na shida datti. Ka sami fentin ruwa na masu zane, akirilik, baƙi da ruwan ƙasa. Ka tsinka shi har ya yi kamar ruwan shayi. Ka shafe wani ɓangare da shi, ya shiga kowane lungu, kafin ya bushe ka goge da tsumma daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya maƙale a lungu ka bar shi, shi ake nema. Ka bi ɓangare-ɓangare, kada ka shafe duka lokaci ɗaya ya bushe maka. Nan take za ka ga layukan kwalkwalin sun fito, ya yi nauyi a ido.

Mataki na bakwai busasshen buroshi. Ka dangwali fentin azurfa kaɗan, ka goge buroshin a kwali har ka ga kamar babu komai a jikinsa, sannan ka riƙa shafar gefuna da shi sama-sama. Wannan ne ke ba da hasken bakin galma da muka yi magana. Wurin da hannu ke kamawa a cire kwalkwalin ma ka ɗan bi shi.

Mataki na takwas tsatsa da ƙura da hayaƙi, kuma dukkansu kyauta ne a garinmu. Tsatsa, ka kankaro ta daga tsohon ƙarfe ka niƙa, ko ka jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan binega na 'yan kwanaki. Kada ka toshe bakin kwalbar, iska ke fita daga haɗin. Ka gauraya tsatsar da farin gam mai ruwa-ruwa, ka ɗiga a gindin noti da cikin tabo, ka ja siririn layi ƙasa. Ƙura kuwa iri biyu gare mu. Akwai jar ƙasa ta marmara, wadda sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya sa ta ja, wato ita ma 'yar'uwar tsatsa ce. Akwai kuma farar ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso yawancinta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ka tankaɗe wadda ta dace da labarinka da rariya mai laushi, ka shafa gam mai ruwa a lunguna da ƙasan kwalkwalin, ka barbaɗa, ka hure sauran. Hayaƙi kuma garin gawayi ne ko baƙin gindin tukunya, a shafa da yatsa a kewayen ramin harbi da kafofin iska.

Mataki na ƙarshe rufewa. Ka fesa fenti marar launi don ya riƙe aikin, amma ka nemi marar sheƙi. In ka sa mai sheƙi irin banish ɗin kafintoci, ƙurar za ta koma kamar jiƙaƙƙen laka, wahalarka ta tafi a banza. Wanda ya yi aiki da garin fensir ya sani rufin zai ɗan rage masa haske, sai ya sa shi siriri. Man takalmi baƙi ko ruwan ƙasa ma yana ba da datti mai kyau, amma shi bayan rufi ake shafa shi, domin fenti ba ya kama inda yake. Gilashin ido shi ne na ƙarshen sakawa. Tsohon hoton ƙashi na asibiti yana yi, ko ka yanka gorar ruwa ka manna mata ledar da ake duhunta gilashin mota da ita. Ka bar kafofin iska ta ƙasa, zafinmu ba na wasa ba ne.

Alƙalin aikin kyamara ce. Ka ajiye kwalkwalin, ka ja baya taku huɗu, ka ɗauka da waya a rana da kuma inuwa. Kyamara tana cinye datti, abin da ya yi maka daidai a ido yakan fito kaɗan a hoto. Duk da haka kada ka zarce. In ka ji hannunka na ƙaiƙayin ƙari, ka ajiye, ka kwana, gobe ka sake kallo. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa ce ke da wuya.

Yanzu ku ba ni hankalinku, ga gargaɗi uku da suka fi duk abin da na faɗa muhimmanci.

Na farko lafiya. Fentin feshi da tina da gam ɗin masu takalmi, warinsu guba ne. Gam ɗin nan ɗan gidan su sholisho ne, wanda muka ga yadda ya lalata mana ƙanne a unguwanni. Ka yi aiki a fili inda iska ke wucewa, iskar na bayanka. Takunkumin ƙyalle ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare warin tina, don haka kada ka shige ɗaki ka rufe ƙofa ka ce ai ka sa takunkumi. Ka nisanci murhu da janareto. Gwangwanin da ya ƙare kada a huda shi, kada a jefa shi wuta, fashewa yake yi. Wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Don haka in kana kankare tsohon fenti ka jiƙa shi, yara kuma su matsa. Kayan aikinka ka kulle su, kada ƙaninka ya mayar da su abin shaƙa.

Na biyu, kwalkwalin fim ba hular kwano ba ne. A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, an ga masu babur a Kano sun kifa ƙwarya a kai, har labarin ya zaga duniya. Kada mu maimaita wannan da fenti. Hular kwanon da ka huda, ka goge, ka fesa mata sinadari, ta rasa ƙarfinta. Ta zama kayan wasa, ba ta sake hawa titi ba.

Na uku, kuma wallahi shi ya fi damuna, tsaro. Ba sai na tuna wa kowa halin da yankinmu ke ciki ba, ko abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Mutum ya rufe fuska ruf, ya riƙe abu mai kama da bindiga, ya ɓullo daga bayan gari da yamma, ɗan sintiri ko jami'in tsaro ba zai tsaya tambayar sunan fim ɗin ba. Kafin ku ɗauki komai, ku je wurin mai unguwa, ku sanar da ofishin 'yan sanda da shugabannin 'yan sintiri, ku faɗi rana da wuri. Ku yi da rana, a cikin gari ko a fili sananne, ba a bakin daji ba. Kwalkwali a cikin buhu zai je wurin ɗauka, a cikin buhu zai dawo. Kada ku haɗa shi da kakin soja ko wani yadi mai kama da shi, dokar Najeriya ta hana farar hula sawa. Makamin jaruminku kuma ku ƙera shi yadda ko daga nesa ba zai yi kama da bindigar gaske ba. Rigakafi ya fi magani, babu bidiyon da ya kai ran mutum.

To, akwai abinci a wannan sana'a? Ni ina ganin akwai, ga mai haƙuri. Tun Turmin Danya a 1990 masana'antar fim ta Hausa ke girma, amma har yanzu sau nawa muke ganin jarumi ya dawo daga yaƙi rigarsa da karin guga? Fim ɗin Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Irin waɗannan fina-finai na sarauta da yaƙi suna buƙatar garkuwa da takobi da sulke da kwalkwali, kuma dole wani ya tsufar da su. Hannun da ya iya tsufar da kwalkwalin sararin samaniya, shi ne dai zai iya na zamanin Sarauniya Amina. Kafin ka kai can, akwai masu barkwanci na intanet, da makarantu masu wasan kwaikwayo a bikin yaye ɗalibai, da masu ɗakin hoto lokacin Sallah. Ba sai ka sayar ba, haya ma hanya ce. Kowane aiki ka ɗauki hotonsa kafin tsufarwa da bayanta, hotunan nan su ne takardar shaidarka. Wajen yanka farashi ka lissafa kuɗin kaya, ka lissafa kwanakin da ka yi, kada ka manta da kwanakin jiran bushewa.

Sai dai a kula da haƙƙin mallaka. Kwaikwayon kwalkwalin Boba Fett don koyon hannu abu ne mai kyau, haka kowa ke farawa. Amma siffar tana da masu ita. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm kan kusan dala biliyan 4. Kafin nan ma, shari'a kan sayar da kwafin fararen kwalkwalin sojojin Star Wars, tsakanin Lucasfilm da Andrew Ainsworth wanda ya ƙera su tun farko, sai da ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya a 2011. Kun ga ashe hula ba ƙaramar dukiya ba ce. Shi ya sa nake cewa, in hannunka ya faɗa, ka zana naka. Ka ɗauki tsayin kwalkwalin 'yan lifidi, ka ɗauki yadda amawali ke rufe baki, ka sa dagin Arewa a goshi, ka tambayi kanka yaya dogarin Sarkin Katsina zai kasance nan da shekara 300. Wannan babu wanda zai ce ka sata, kuma babu wanda zai yi shi a Amurka ya fi ka.

Aikin gida na wannan mako ba ya buƙatar ko sisi. Kowa ya ɗauki hoton tsofaffin abubuwa uku a gidansu ko gonarsu, ko galma ce, ko baro, ko ƙofar shago. A ƙarƙashin kowane hoto ya rubuta abin da ya jawo kowane tabo. Wanda ya riga ya haɗa kwalkwali ya gwada matakan nan a bayan cokali tukuna, ya turo mana mu gani. Mata ma ba a bar ku a baya ba, hannun da ya iya zanen lalle ya fi namu iya riƙe siririn buroshi.

Nan za mu dakata. Wanda ya amfana ya tura wa wani. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a nomanmu da sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.